Yadda kunne ke gane tazarar sauti ta hanyar waƙar da ya riga ya sani

Tambayar ta fito ne daga wani matashi mai koyon fiyano a ɗaya daga cikin situdiyoyin da ke titin Gidan Zoo a nan Kano. Ya ce an gaya masa hanya mafi sauƙi ta gane tazarar da ke tsakanin sauti biyu ita ce a ɗaura kowace tazara a kan farkon wata waƙa da aka sani, amma duk jerin da ya gani a intanet waƙoƙin Turawa ne waɗanda bai taɓa ji ba. Yana son ya san ko hanyar tana aiki, da kuma waƙoƙin da ɗan Kano zai kama.

Ɗan'uwa, hanyar tana aiki, amma irin aikin da bango yake yi wa yaro mai koyon tafiya: dafa shi ake yi a miƙe, ba a tafiya da shi kasuwa. Zan ba ka abin dafawar, sannan in nuna maka inda yake ƙarewa, don a nan ne mafi yawan masu koyo suke maƙalewa.

Sai mun fara daidaita ƙirga. A kan fiyano, daga kowane maɓalli zuwa wanda ke manne da shi, fari ne ko baƙi, rabin taku ke nan. Rabi biyu su ne taku guda. Idan ka yi rabin taku 12 za ka dawo kan sauti mai suna ɗaya da wanda ka baro, sai dai ya fi shi sama, kamar yadda muryar mace take hawa kan ta namiji idan suna rera abu guda. Sunayen tazara kuwa daga tsanin do, re, mi, fa, so, la, ti ake ɗauko su, kuma ana ƙirgawa har da inda aka tashi: daga do zuwa mi ta uku ce, daga do zuwa so ta biyar, daga do zuwa do na sama ta takwas. A nan ake yawan yin kuskuren farko. Wajen ba da suna ana ƙirga sautin da aka tashi daga kansa, wajen ƙirga rabin taku ba a ƙirga shi. Saboda haka rabin taku 1 ita ce ƙaramar ta biyu, 2 babbar ta biyu, 3 ƙaramar ta uku, 4 babbar ta uku, 5 ta huɗu, 6 tsakiyar tsani, 7 ta biyar, 8 ƙaramar ta shida, 9 babbar ta shida, 10 ƙaramar ta bakwai, 11 babbar ta bakwai, 12 ta takwas. Guda goma sha biyu ke nan, kuma kowace tana da fuska uku: hawa, sauka, da kuma a danna sautukan biyu lokaci guda. Kunne yana ɗaukar fuskokin nan kamar abubuwa uku daban, don haka kar ka yi mamaki idan ka iya ta biyar a hawa amma ta ɓace maka a sauka.

Kada ka shiga wannan aiki kana ganin kunnenka ɗanye ne. Bahaushe tun yana goye yake rarrabe hawa da saukar murya, in ba haka ba da bai bambanta kuka na hawaye da kuka ta miya ba, ko wuyan da ake rataya wa sarƙa da wuyar da ake sha. Abin da harshe bai koya maka ba shi ne awo. A magana ya isa gaɓa ta fi ta kusa da ita sama ko ƙasa, ba wanda zai tambaye ka da nawa. A kiɗa kuwa "da nawa" ɗin shi ne komai.

To, ga abubuwa uku da ba sai ka je neman su ba, suna cikin kanka.

Na farko ita ce waƙar nan ta Turanci da ake rera wa mai bikin zagayowar ranar haihuwa kafin a yanka kek. Mutane suna raina ta, alhali ita kaɗai tana ɗauke da fiye da rabin abin da kake nema. Ɗora do a kan C (haruffan C, D, E, F, G, A, B sunayen fararen maɓallan fiyano ne). Layin farko shi ne so, so, la, so, do, ti, wato G, G, A, G, C, B. Daga gaɓa ta biyu zuwa ta uku babbar ta biyu ce a hawa. Daga ta huɗu zuwa ta biyar, so zuwa do, tazara ta huɗu ce. Daga ta biyar zuwa ta shida, do zuwa ti, ƙaramar ta biyu ce a sauka. Layi na biyu ya fara kamar na farko, amma tsallen ya wuce do ya dira a kan re: so zuwa re, tazara ta biyar. Wannan kyauta ce babba, domin ta huɗu da ta biyar su ne aka fi rikitawa, ga su kuma a gefen juna da kalmomi iri ɗaya. Layi na uku shi ne so, so, so na sama, mi, do, ti, la. Tsallen da ke tsakanin gaɓa ta biyu da ta uku ita ce ta takwas, wurin da muryar jama'a take tsinkewa a wajen biki idan wanda ya ɗauko waƙar ya fara da sama. Daga can a sauko so zuwa mi, ƙaramar ta uku, sannan mi zuwa do, babbar ta uku. Akwai ma wata a ɓoye: daga la ɗin da ya rufe layi na uku zuwa fa ɗin da ya buɗe na huɗu, A zuwa F na sama, ƙaramar ta shida ce a hawa. Sai dai ka koye ta daga fiyano, ba daga bakin taron biki ba, don ba kasafai taro yake kai tsallen nan inda ya kamata ba.

Na biyu shi ne taken ƙasa da aka yi amfani da shi daga 1978 har zuwa watan Mayun 2024, wanda Benedict Odiase ya yi wa kiɗa. Duk wanda ya tsaya a layin asambuli a makarantar firamare a cikin waɗannan shekaru yana da shi a ka. Gaɓoɓi shida na farko su ne so na ƙasa, do, so na ƙasa, do, mi, so. Ka samu ta huɗu a hawa, ta huɗu a sauka, sannan do zuwa mi babbar ta uku a hawa, mi zuwa so ƙaramar ta uku a hawa. Waƙar bikin haihuwa ta ba ka na ukun a sauka, wannan ta ba ka su a hawa.

Na uku ba waƙa ba ce ma a wajen mutane, ƙarar wayar Nokia ce, wadda aka yanko daga wani kiɗan jita na Francisco Tárrega ɗan ƙasar Sifaniya. Sautukanta goma sha uku ne, rukuni uku masu huɗu-huɗu sai guda na rufewa: E, D, F mai ƙari, G mai ƙari, sai C mai ƙari, B, D, E, sai B, A, C mai ƙari, E, a tsaya a kan A. ("Mai ƙari" na nufin baƙin maɓallin da ke daman farin.) A kowane rukuni akwai faɗuwa mai nisa daga sauti na biyu zuwa na uku. A rukunin farko rabin taku 8 ce, ƙaramar ta shida. A na biyu 9 ce, babbar ta shida. A na uku ta koma 8. Tazarar shida a sauka tana cikin waɗanda ake wahalar samun misalinsu, ga ta a aljihun tsohuwar wayar da aka jefa cikin durowa.

Idan ka fita kallon hawan sallah, ko ka wuce Ƙofar Kudu ana busa, saurari kakaki. Ba shi da ƙofofin yatsa irin na algaita ko sarewa, leɓe da ƙarfin iska ne kawai ke sauya sautinsa, kuma dogon bututu irin wannan ba ya ba da kowane sauti sai waɗanda ke cikin jerinsa na halitta. Sautuka biyun da mai busa ya fi kai-kawo a tsakaninsu tazara ta biyar ce ko dab da ita. Wannan faɗin da cika da kake ji a kirarin kakaki shi ne ɗanɗanon ta biyar.

Dalilin da ya sa wasu tazarori suke kwanciya a kunne wasu kuma suke yin ƙaiƙayi lissafi ne, kuma kana iya gwada shi da tsirkiya guda. A ce tsawon tsirkiyar jita ko gurmi santimita 60 ne. Danne ta a tsakiya, saura 30 ke kaɗawa, ka sami ta takwas. Bar 40 su kaɗa, ka sami ta biyar. Bar 45, ta huɗu. Bar 48, babbar ta uku. Bar 50, ƙaramar ta uku. Wato rabon girgizar shi ne 2 da 1, 3 da 2, 4 da 3, 5 da 4, 6 da 5. Idan sautin A yana girgiza sau 440 a daƙiƙa, A na samansa 880 ne, ta biyar ɗinsa kuma kusan 660. Duk yadda alƙaluman rabon suka zama ƙanana, haka sautukan biyu suke narkewa cikin juna. Shi ya sa mai koyo yake jin ta takwas kamar sauti guda ne, kuma shi ya sa ta biyar da ta takwas suke masa kama a makon farko. A jita, waɗannan wurare, a jerin ƙarafan da ke gicce a wuyanta, su ne ƙarfe na 12, na 7, na 5, na 4 da na 3.

Saura uku ban ba ka waƙarsu ba: rabin taku 6, 10 da 11. Ban ba ka ba ne da gangan. Waƙoƙin da suke farawa da su ba su da yawa, kuma auna su daga maƙwabciya ya fi sauri. Babbar ta bakwai: rera ta takwas a zuci, ka sauko rabin taku. Za ka ji sautin yana jan ka sama kamar wanda ya tsaya a bakin ƙofa bai shiga ba. Ƙaramar ta bakwai: ta takwas a zuci, a sauko taku guda. Tsakiyar tsani: rera ta biyar ka rage rabi, ko ka danna F da B tare ka ji yadda suke neman buɗewa zuwa E da C.

Akwai dalilin da zai sa waɗannan su fi ba ka wuya fiye da yadda za su ba wanda ya tashi cikin kiɗan Turai. Da yawa daga waƙoƙinmu na gargajiya, na dandali da na daka da na reno, a kan sautuka biyar aka gina su, ba bakwai ba. Gwada ka gani: ɗauki wata waƙar gaɗa da ka ji a bakin yayyenka mata, ka neme ta a kan baƙaƙen maɓallai kaɗai, sau da yawa za ta zauna ko ta kusa. A cikin baƙaƙen nan biyar, ko ta ina ka auna, za ka sami rabin taku 2, 3, 4, 5, 7, 8, 9, 10 da 12, amma ba za ka taɓa samun 1, 6 ko 11 ba. Kunnen da ya girma da wannan tsani yakan faɗaɗa rabin taku ya mai da shi taku guda ba tare da ya sani ba. Idan aka ce ya rera do, ti, sai ti ɗin ya faɗi ƙasa da inda yake. Maganin shi ne ka ba mi-fa da ti-do lokaci na musamman kullum, kana rerawa a hankali tare da fiyano, kana matse tazarar har ka ji kamar ba ka motsa ba. Wanda ya sha kallon finafinan Indiya yana da ɗan sauƙi a nan, don waƙoƙinsu cike suke da rabin taku.

Duk da haka, mafi kyawun jeri shi ne wanda ka haɗa da kanka. Sharaɗin waƙar da za ta shiga jerin uku ne: ka iya ɗauko ta ko daga barci aka tashe ka, tazarar ta zo a wuri bayyananne kamar farkon amshi, kuma mawaƙin ya dira a kan sautin kai tsaye ba da jan murya ba. Sharaɗi na uku shi ke fitar da waƙoƙi da yawa, domin mawaƙan baka da masu bege sukan zame zuwa kan sauti daga ƙasa, ado ne mai daɗi amma ba ya auno. Idan ka zaɓi waƙa, rera sauti biyu na farkon amshinta, tsaya a kan na farko ka nemo shi a fiyano, tsaya a kan na biyu ka nemo shi, ka ƙirga rabin takun da ke tsakani, ka rubuta a littafi. Kashegari ka sake ba tare da ka duba ba. Idan lissafin ya bambanta, ko dai ba ka riƙe waƙar daidai ba, ko kuma tazararta ba ta kan maɓallan fiyano. Ajiye ta ka nemi wata.

Atisayen kansa minti 15 ne a rana, kullum. Awa biyu ranar Lahadi kaɗai ba za su yi abin da minti 15 na kowace rana za su yi ba, don kunne yana gajiya da wuri kuma barci ne yake zaunar da abin da aka koya. Kwana uku ko huɗu na farko ba ka taɓa tazara ba tukuna. Danna sauti guda, ka rera shi, ka riƙe na daƙiƙa biyar. Namiji ya yi aiki a kewayen C na biyu daga hagu a fiyano mai maɓalli 61, mace a kewayen na uku. Wanda bai iya kama sauti guda da muryarsa ba, ba zai kama biyu ba. Idan ka kusa amma ba ka kai ba, za ka ji wani kaɗawa kamar bugun zuciya tsakanin muryarka da fiyano. Yana raguwa kana matsowa, idan ya ɗauke ka iso.

Daga nan sai ka ɗauki tazara biyu kacal, ta takwas da ta biyar. Kowace ka yi mata matakai huɗu: danna ta, rera guntun waƙarta, rera sautukan biyu ba kalmomi, sannan danna na farko kawai ka samar da na biyu da bakinka kafin ka duba. Mataki na huɗu shi ne aikin, sauran share fage ne. Bayan haka sai gwaji, kuma gwaji ya fi kyau da mutum biyu: abokinka yana dannawa kai ka juya baya, tambaya 20, yana sauya wurin farawa a kowace tambaya. Idan ka ci 18 kwana biyu a jere, ƙara ta huɗu. Sai na uku guda biyu, sai na biyu, sai na shida, sai na bakwai, tsakiyar tsani a ƙarshe. Kowace sabuwa ta shigo cikin tsofaffin, kar a ware ta. Manhajojin waya suna yin wannan gwajin, ba laifi, amma sa abin sauraro a kunne, domin ƙaramar lasifikar waya ba ta fitar da sautukan ƙasa, sai ka ji ta takwas ɗin sautin maimakon shi kansa, lissafi ya juye. Kuma manhaja ba ta tilasta maka rerawa, ga shi kuwa wanda yake danna amsa kawai ba ya rerawa yana koyon cin wasan ne, ba kiɗa ba.

Rikicin ta huɗu da ta biyar yana da tushe. Daga do zuwa so a hawa rabin taku 7 ne, daga wannan so zuwa do na sama 5 ne, jimla 12. Sautuka biyu ne iri ɗaya aka kifa, kamar yadda babbar ta uku take kifewa ta zama ƙaramar ta shida, 4 da 8, ƙaramar ta uku ta zama babbar ta shida, 3 da 9. Don raba su, tambayi kunnenka wane sauti ne ya fi kama da wurin zama. A ta biyar na ƙasa ne, a ta huɗu na sama ne. Na uku biyu kuwa kar ka dogara da zancen nan na cewa babba farin ciki ce ƙarama baƙin ciki. Waƙoƙin bikinmu da yawa a kan ƙaramar ta uku suke yawo ana rawa ana guɗa. Cike gurbin kawai: babba do, re, mi ce, taku biyu cikakku, ƙarama la, ti, do ce, taku da rabi.

Wani abin da ke ɓata aiki shi ne farawa daga C kullum. Bayan mako biyu sai ka ga kana cin gwaji, alhali ba tazara ka koya ba, ka haddace yadda G yake ji a maƙogwaronka ne. Haka ma mai kiɗan da ya saba da maɓallin sauya ki na fiyano (ki shi ne sautin da aka ɗora do a kansa), yana kaɗa komai da yatsu iri ɗaya injin yana ɗaga masa: hannunsa ya huta, kunnensa kuma bai taɓa yin aiki ba. Lokacin atisaye mayar da wannan maɓalli kan sifili. Sauya muryar fiyanon ma, yau sarewa gobe jita, don kar kunne ya manne wa amo guda.

Yanzu ga inda bangon yake ƙarewa. Matsala ta farko lokaci ce. Kafin ka ji tazara, ka lalubo waƙarta, ka rera a zuci, ka gwada, daƙiƙa biyu ko uku sun wuce. Waƙar da ke tafiya a bugu 100 a minti tana ba kowane bugu daƙiƙa 0.6, kuma sau da yawa sauti biyu ne a bugu guda. Kana kan tazara ta farko an rera goma.

Matsala ta biyu ta fi zurfi. Tazara guda tana sauya ɗanɗano gwargwadon inda ta faɗo a cikin tsani. Ta huɗun da ka koya daga taken ƙasa so zuwa do ce, isowa gida ce, shi ya sa take da nutsuwa. Amma do zuwa fa ma ta huɗu ce, haka re zuwa so, mi zuwa la, la zuwa re, ti zuwa mi. Guda shida ke nan masu faɗi ɗaya, kuma do zuwa fa fita ce daga gida, fa yana neman gangarowa kan mi. Gwada: kaɗa kod ɗin C, wato C, E da G a danne tare, sau huɗu, sannan ka danna C zuwa F. Taken ƙasa ba zai zo maka ba ko kaɗan, kuma idan ka tilasta shi ya zo, zai ɗauke maka gida daga C ya kai F, ka fita daga kin waƙar da kake bi. Wannan shi ne dalilin da mutum zai ci 20 bisa 20 a waya, ya shiga situdiyo mawaƙi ya rera masa layi ɗaya ya kasa ɗauka.

Don haka da zarar ka mallaki tazara biyar ko shida, tun kafin ka gama sha biyun, raba mintocin nan 15 gida biyu. Rabi na biyu ka yi shi da sautin gida yana ta amo a ƙasa. Zaɓi muryar fiyano mai dogon numfashi, ka danne do da hannun hagu, ko ka sa wani abu mai ɗan nauyi a kansa. Makaɗan Indiya haka suke horar da ɗalibansu, tanbura, wani kayan kiɗansu mai tsirkiya, tana riƙe da Sa da Pa, wato do da so, ɗalibi yana auna komai daga can. A kan wannan amo rera kowane sauti ka raka shi gida ta hanya mafi kusa: re, do; mi, re, do; fa, mi, re, do; so, la, ti, do na sama; la, ti, do; ti, do. Abin da kake koyo yanzu shi ne halin kowane sauti: do zama, so tsayuwa, mi kwanciyar hankali, ti ɗoki, fa nauyi. Wannan ne tsarin da mawaƙan coci-coci na Sabon Gari suke karanta waƙa da shi, haruffa d, r, m a takarda, tsarin da Sarah Glover ta fara John Curwen ya yaɗa a Ingila a ƙarni na 19, sunayen kuma sun samo asali tun daga Guido na Arezzo a ƙarni na 11. Idan kana da aboki a cikinsu zauna kusa da shi, sun yi nisa a wannan fanni. Ko babu fiyano ba ka rasa amo ba: tiransifomar unguwa, idan akwai wuta, tana gurnani a girgiza 100 a daƙiƙa saboda wutarmu mai 50 ce, wato ɗan sama kaɗan da G na ƙasa. Mai da shi do ka rera a kansa.

Daga nan koma kan waƙoƙin nan uku, amma ka cire musu kalmomi ka rera su da so, so, la, so, do, ti. Sannan kowace rana ɗauki layi guda na wata waƙa da kake so, na nanaye ko na gargajiya. Fara da nemo gidanta, wanda yawanci shi ne sautin da amshi yake sauka a kai ya huta. Rubuta layin da do, re, mi ba tare da ka taɓa fiyano ba, sannan ka duba. Inda ka yi kuskure kar ka gyara ka wuce: rera abin da ka rubuta, rera na gaskiya, ka maimaita har bambancin ya fito fili. A nan ilimin tazara yake dawowa da amfani, a wajen tsalle mai nisa ko inda waƙa ta sauya ki kunne ya rasa gida na ɗan lokaci.

Abu na ƙarshe da za ka ci karo da shi a Kano: za ka ji tazarar da ba ta cikin sha biyun nan, ka zaci kunnenka ne ya gaza. Fiyano an raba masa ta takwas gida 12 daidai wa daida, kowane rabin taku an ƙara raba shi 100 don awo. A wannan ma'auni ta biyar ɗin fiyano 700 ce, ta halitta 702, kunne ba ya damuwa. Amma babbar ta ukun fiyano 400 ce, ta halitta 386, kuma wannan ana jin sa. Mai goge ko kukuma ba shi da ƙarafa a wuyan kayansa, yatsa ne da kunne, yana iya ajiye ta uku a tsakanin babba da ƙarama, kuma ba kuskure ya yi ba. Haka ƙasidun da aka ɗora a kan maƙamai, wato tsanin sautuka na Larabawa: bayati yana farawa da tazarar da ta fi rabin taku ba ta kai taku ba, wajen 150, wadda sai fiyano mai maɓallan kwata yake iya fitarwa, hijaz kuma yana tafiya kusan rabi, ɗaya da rabi, rabi, kamar D, E mai ragi (baƙin maɓallin da ke hagun E), F mai ƙari, G. Idan za ka raka irin waɗannan da fiyano na yau da kullum, riƙe do da so a hannun hagu, ka bar ta ukun ga mai murya, kar ka danna ta ta yi karo da shi. Idan kuma rikodin ne, kashe manhajar gyaran murya a kan wannan layi, don za ta ja sautin zuwa maɓalli mafi kusa ta goge abin da ya sa karin ya zama bayati.